Paterson ko Lawson: wanne za ka fara karantawa?

Malam, ka tambaya a zauren nan cewa tsakanin Banjo Paterson da Henry Lawson wanne ya fi, kuma me ya raba salonsu, tunda duk inda aka yi maganar tsoffin mawaƙan dajin Ostireliya sai an jero su tare. Amsata a taƙaice: Paterson daga kan sirdi ya kalli daji, Lawson kuwa da ƙafa ya taka shi, da ƙunshin bargo a baya. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya samo tushe.

Tsarar juna ne. An haifi Paterson a 1864 kusa da garin Orange, Lawson kuma a 1867 a sansanin masu haƙar zinariya na Grenfell, dukkansu a yankin New South Wales. Mujalla ɗaya ce ta fito da su, The Bulletin ta birnin Sidni, wadda aka kafa a 1880. Amma tasowarsu ba ɗaya ba ce. Paterson a gidan masu kiwon tumaki da dawaki ya tashi, aka kai shi makaranta mai suna a Sidni, ya zama lauya. Laƙabin Banjo ma sunan wani dokin sukuwa ne na gidansu. Mahaifin Lawson ma'aikacin jirgin ruwa ne daga Norwe da ya zo neman zinariya, ya ƙare a gonar da ba ta riƙe gida. Ciwon kunne ya kama yaron yana shekara 9, kafin ya wuce 14 ya kusa kurumcewa gaba ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka in kana karanta su: ɗaya mai ji ne, ɗaya mai kallo.

Waƙar Paterson ta kunne ce. Ɗangonsa dogo ne, kari ba ya tuntuɓe, yana yawan saka amsa-amo a tsakiyar ɗango ban da na ƙarshe, shi ya sa ko ba ka gane kowace kalma ba za ka ji ƙafarka tana bin bugun. A "The Man from Snowy River" ta 1890, wani ɗan doki mai tsadar fam 1,000 ya tsere ya shiga garken dawakin jeji, gwanayen mahaya suka taru, aka raina wani saurayi da ƙaramin dokinsa na kan dutse. Da garken ya gangara wani mugun tudu kowa ya ja linzami, shi kaɗai ya saki nasa, ya bi su har ya dawo da su. Karin baitocin kansa sukuwa yake yi. Ba a banza makiyaya da masu askin tumaki suka haddace ta suna rerawa a bakin wuta ba, kuma littafin da ya tattara ta a 1895 ya yi kasuwar da littafin waƙa bai saba yi a ƙasar ba.

Amma wadda ta fi tona asirin Paterson ita ce "Clancy of the Overflow" ta 1889. Mai magana a ciki yana zaune a ofis mai duhu a birni, ya aika wa wani makiyayi mai suna Clancy wasiƙa, aka amsa masa cewa mutumin ya kora shanu zuwa yankin Queensland, ba a san inda yake ba. Daga nan sai ya shiga mafarkin sararin jeji da taurari. Wato dajin Paterson dajin mai kewa ne. Ya san shi sarai tun yana yaro, ba ƙarya yake yi ba, sai dai abin da ya zaɓa ya gani shi ne doki da jarumtaka da ciyawa bayan ruwan sama.

Lawson bai yarda da wannan hoto ba. A watan Yulin 1892 ya buga "Up the Country", yana yi wa mawaƙan da ke zuzuta jeji zambo: shi abin da ya gani ƙura ce, da ƙudaje, da busassun koguna, da mata masu aikin maza a bukkoki suna jiran mazan da suka tafi kora dabbobi. Paterson ya mayar da martani da "In Defence of the Bush", Lawson ya sake dawowa da "The City Bushman", wasu mawaƙan ma suka tsoma baki. Daga baya, a 1939, Paterson ya rubuta cewa da ma shiri suka yi tsakaninsu don su ci kuɗin mujallar kafin a tsayar da su. Ko da shiri ne, ka karanta za ka ji inda wasa ya fara zama gaske, musamman inda Lawson ke goranta masa cewa shi mai kuɗin hawa ne, bai san yunwar mai yawon neman aiki ba.

Abin ban sha'awa, sai bayan wannan cacar bakin ne Lawson ya shiga ainihin ƙuryar jejin. A ƙarshen 1892 editan mujallar, J. F. Archibald, ya ba shi tikitin jirgin ƙasa da fam 5 ya tura shi garin Bourke, can cikin jejin New South Wales, ana tsakiyar fari. Ya yi aiki a rumfar askin tumaki, ya taka da ƙafa har Hungerford a kan iyakar Queensland, ya dawo. 'Yan watannin nan ya ci gaba da ɗiba yana rubutu har ƙarshen rayuwarsa.

To ga hukuncina, kuma na san wasu a nan ba za su so shi ba. In maganar iya saƙa baiti ce, Paterson ya fi. Waƙoƙin Lawson suna da zafi, "Faces in the Street" ta 1888 kan talakawan Sidni shaida ce, amma sau da yawa zafin yakan rinjayi fasaha, waƙa ta koma huɗuba, amshi ya yi ta maimaituwa har ka ƙosa. Inda ba a kama ƙafarsa shi ne gajeren labari. A "The Drover's Wife" ta 1892, mace ce da 'ya'ya huɗu da kare, miji ya yi watanni a jeji, maciji ya shige ƙarƙashin ɗaki, ta ɗora yaran a kan teburin madafa ta kwana zaune da sanda. Shi ke nan labarin. Babu ado, babu kuka, jimloli gajeru, amma duk rayuwarta ta wuce ta gabanka kafin gari ya waye. Paterson bai rubuta abin da ya kai wannan nauyi ba.

Kada dai a ɗauka ɗaya dariya ce zalla, ɗaya kuka. "Waltzing Matilda", wadda Paterson ya rubuta a 1895 kusa da garin Winton na Queensland, labarin mai yawon neman aiki ne da ya saci tunkiya, 'yan sanda suka zo, ya faɗa tafki ya mutu. Lawson kuma yana da "The Loaded Dog", labarin karen da ya ɗauko nakiya a baki yana bin masu shi da wasa, wanda zai sa ka dariya har cikinka ya ƙulle. Inda suka haɗu kuma, dukkansu sun bar 'yan asalin ƙasar a gefen labari, kamar jejin ba shi da masu shi kafin Turawa, kuma mujallar da ta raine su ba ta ɓoye wariyar launin fata ba.

Giya da talauci sun cinye Lawson, har an sha ɗaure shi a gidan yarin Darlinghurst kan kasa biyan kuɗin ciyar da iyalinsa. Ya rasu a 1922, gwamnati ta yi masa jana'izar girmamawa. Paterson ya ɗauko rahoton yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, ya kula da dawakin soja a Masar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a 1941. Hoton Lawson ne a takardar dala 10 ta ƙasar daga 1966, a 1993 na Paterson ya hau.

Saboda haka, Malam, fara da Clancy, ka karanta ta da ƙarfi, ba a zuci ba. Sai ka bi waƙoƙin cacar 1892 a jere yadda suka fito, sannan ka nemi tarin labaran Lawson na 1896, While the Billy Boils. Ka ajiye ƙamus kusa, don Turancin makiyayan Ostireliya na wancan zamani cike yake da kalmomin da ba a koyarwa a aji.