Wane man birki za ka zuba kafin ka kai motarka filin tsere?

Duk wanda ya fara shirin kai mota filin tsere, hankalinsa kan inji yake fara tafiya: a ƙara ƙarfi, a sauya salansa, a taɓa kwamfutar mota. Birki sai daga baya, alhali shi ke fara gajiya. Idan gudun mota ya ninka sau 2, zafin da birki zai sha kafin ta tsaya ya ninka sau 4, kuma a filin tsere kana taka shi da ƙarfi a bakin kowace kwana, ba ya samun sararin hucewa. Faifan birki kan wuce digiri 500 na ma'aunin Salshiyos, wani ɓangare na zafin nan kuma yana gangarawa har cikin mai.

Gajiyar birki iri biyu ce, kuma ƙafarka za ta gaya maka wacce ce. Idan feda ta yi tauri amma mota ta ƙi tsayawa, pad ne, wato abin da ke matse faifan birki, ya yi zafi fiye da ƙima. Idan kuwa feda ta yi laushi, ta nutse har ƙasa, to mai ne ya tafasa. Ruwa ba ya matsuwa, tururi yana matsuwa, sai ka taka ka ji wayam. Wannan ta biyun ta taɓa samuna a ƙarshen wani dogon miƙe, kuma tun daga ranar lamba ɗaya nake dubawa a jikin kwalba.

Lambobi biyu ake rubutawa: zafin da sabon mai ke tafasa, da zafin da yake tafasa bayan ya sha danshi kimanin kashi 3.7 cikin 100. Man birki na yau da kullum yana zuƙar danshin iska, ko motar tana ajiye. Masu talla sun fi son lambar farko don ta fi girma. Ni ta biyun nake bi, domin man da ke cikin motarka sabo ne kawai a makon da aka zuba shi.

Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajin da alamar DOT a jikin kwalba. DOT 3 ba na wannan aikin ba ne: mafi ƙarancin da ƙa'idarsa ke nema digiri 205 yana sabo, 140 da danshi. DOT 4 na gama-gari, 230 da 155, zai kai ka aiki ya dawo da kai, shi ke nan. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma ba ya shiri da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ka bar shi inda ka gan shi. DOT 5.1, duk da kamar suna, dangin DOT 4 ne, 260 da 180, ba laifi ga mai zuwa fili jefi-jefi.

A cikin mayukan da ke kasuwa, ATE Typ 200 yana da 280 da kusan 200, yana da sauƙin kuɗi, mai koyo da ƙaramar mota zai ji daɗinsa. Motul RBF 600 da RBF 660 sun haura 300 suna sababbi, amma da danshi ya shiga sai su sauko zuwa sama kaɗan da 200, wato aikin cire iska daga tiyon birki da sauya mai ba zai rabu da kai ba.

Zaɓina shi ne Castrol SRF. Yana sabo kusan 320 ne, kusan daidai yake da RBF 660. Inda ya bar su a baya shi ne lamba ta biyu: digiri 270. Ka duba da kyau, bayan ya sha danshi ma ya fi abin da ƙa'ida ke nema daga sabon DOT 5.1. Ma'anarsa, ka zuba a farkon kakar tsere, ka riƙa ɗan zubar da wanda ke kusa da taya bayan rana mai zafi, feda tana nan daram. Tsadarsa gaskiya ce, ba na musu, kuma a kwalbar lita 1 yake zuwa. Amma ka lissafa sau nawa mai RBF zai ɗaga mota ya cire tayoyi 4, yana kiran wani ya zo ya taka masa feda. Sharaɗi ɗaya: a fitar da tsohon mai kakaf. Yana gauraya da DOT 4, sai dai gaurayen ya cinye abin da ka biya kuɗi dominsa. Kuma ka kiyaye fenti, man birki yana cin sa.

Yanzu ga abin da ya fi zaɓin kansa muhimmanci: jabu. Kaya mai tsada a ƙaramar kwalba shi ne abincin 'yan damfara. Ana tattara kwalaben da aka yar, a cika su da mai mai arha, a manne murfi. Ido ba ya bambancewa, a titi ma birki zai kama lafiya lau, sai ka shiga zagaye na biyar asiri ya tonu. Ka duba hatimin baki, ka duba lambar rukunin da aka buga ko ta goge ko an liƙa wata a kanta, ka duba ko rubutun ya yi dishi-dishi. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa a intanet, arha ce da ba ta ado. Kwalbar da aka riga aka buɗe, ko ta gaske ce, kada ka karɓa, ta riga ta fara shan iska. Idan makanike ne zai zuba maka, ka kai naka, a fasa hatimin a gabanka, ka tafi da kwalbar ko ka huda ta.

Cutar ba ta tsaya a mai ba. Akwai pad na jabu cikin kwali mai sunan Ferodo ko Pagid, wanda zafi kan ɓamɓare fuskarsa daga ƙarfen baya. Akwai murfin roba ja mai tambarin Brembo da ake ɗorawa kan birkin asali don ado, ba ya ƙara komai sai tsare iska. Brembo na gaske yana zuwa da lambar tantancewa da za ka bincika a wajen kamfanin, mai sayarwa da ya fara kame-kame a kanta ka bar masa kayansa. Tiyon birki mai saƙar ƙarfe ma haka: na kirki yana ƙara wa feda tauri, na banza bakinsa ke zarewa. Ka saya daga dillalin da sunansa ke cikin jerin da kamfanin ya wallafa, ka kuma ajiye rasit.