Buga lambar IP ko gyara saitin Windows?

Kwamfutoci biyu na kan rauta ɗaya, amma kowacce ba ta ganin 'yar'uwarta. Hanya mafi sauri: ka buɗe Command Prompt a ɗaya, ka buga ipconfig, ka ga lambar IP ɗinta, wato adireshinta a kan rauta, misali 192.168.1.5, ka rubuta \\192.168.1.5 a File Explorer na ɗayar. In an kunna rabon fayil, nan take za ta buɗe. Sai dai in aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi, lambar na iya canzawa.

Ni na fi son gyara daga tushe. Windows kan ɗauki Wi-Fi ɗin gida a matsayin Public, sai ta ɓoye kwamfutar. Mayar da shi Private a duka biyun, ka kunna Network discovery, saitin da ke sa kwamfutoci su ga juna. Katangar tsaro (firewall) kuwa, don Allah kada ka kashe ta.