Hattara da mai sayar da "kayan jirgin ruwa" a WhatsApp

Jama'ar Damagaram, musamman masu garka da masu rijiya, akwai wani mutum da ke yawo da hotuna a WhatsApp, ran Alhamis kuma ya baza kaya a gefen kasuwar Dole. Yana sayar da puli, wato ƴar tayar da igiya ke bi ta kanta, da ƙugiyoyi da maɗaurai masu ƙyalli. Cewa yake daga jiragen ruwa masu tafiya da iska aka kwance su a Kwatano, wai inokis ne zalla, ba ya tsatsa ba ya karyewa.

Ƙanena ya sayi puli ɗaya jika 15 don rijiyar garkarsa a Mirya. Mako uku bai cika ba sandar tsakiyarta ta ɓalle, guga cike ya koma ƙasa, igiya ta saɓe wa ɗansa fatar tafin hannu. Allah ya taƙaita, ba kowa cikin rijiyar.

Na yi shekaru ina ɗaura irin waɗannan ƙarafa a wurin gyaran jirage a bakin teku kafin in dawo gida in buɗe walda, shi ya sa abin ya ci mini rai. Na jirgi na gaskiya yawanci inokis mai lamba 316 ne, kusoshinsa na ɗauke da tambarin A4, kuma kamfanin da ya ƙera shi yana faɗin nauyin da zai iya ɗauka. Na wannan mutum ba tambari ba lamba. Na kara maganaɗisu, ya manne caf, alhali 316 da ƙyar yake jan maganaɗisu. Na goga zarto sau biyu, ƙyallin ya tafi, baƙin ƙarfe ya bayyana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar da yake bayarwa, wai a ɗaure puli a itace da sukuru huɗu. A jirgi ba wanda ke yin haka ga abin da ke ɗaukar ƙarfin iska. Huda daɓen ake yi har ƙasa, a zura kusa mai noti, a sa faffaɗan faranti a bayansa don nauyin ya bazu. Kuma puli na ɗaukar fiye da nauyin guga. In guga kilo 60 ne kana ja ƙasa da hannu, kilo 120 ke kanta. In sa ne ke ja a kwance, wajen 85.

Da ƙanena ya kira mai kayan, sai ya ce a turo jika 5 kuɗin mota zai aiko da sabuwa. An tura, lambar ta daina shiga.

Wanda ya riga ya saya, don Allah ya sauke ta daga bakin rijiya yau, kafin yara su je ɗiban ruwan yamma. Ya kai wa mai walda na kusa da shi a gwada ta da maganaɗisu da zarto.