Kafin ka sayi kayan zubin dalma

Ɗan ƙanwata ya zo mini da waya yana nuna mini bidiyon wani Ba'amurke da ke narka dalma a garejinsa yana zuba harsashi. "Kawu, wanga aiki ai ba wuya, mi zan saya in fara?" Na ce masa ya ajiye zancen harsashi tukuna. A Amurka sha'awa ce da doka ta yarda da ita, har kamfanoni irin su Lee da RCBS na sayar da kayanta a fili. A nan kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera bindiga ko harsashi a gidansa, aikin masana'antu masu izinin gwamnati ne irin DICON, masana'antar makamai da aka kafa a Kaduna a 1964. Ga kuma halin da ake ciki wajen Isa da Sabon Birni. Wanda aka kama da kayan harsashi yau, ba wanda zai tsaya jin cewa sha'awa ce.

Amma da na tambaye shi da kyau, narkawar da zubin ne suka burge shi. Wannan kuwa akwai kasuwarsa a Sakkwato, domin duk mai birgi ko taru a Kwalkwalawa da dam ɗin Goronyo yana bukatar dalmar da ke nutsar da bakin komarsa. Ga abin da na faɗa masa game da sayayya.

Dalma ita ce kan gaba saboda nauyinta da sauƙin narkewa. Tana narkewa a digiri 327, alminiyum kuwa sai 660, kuma dunƙulen dalma ya ninka na alminiyum mai girma ɗaya nauyi sau huɗu. Kuza ta fi ta sauƙin narkewa, a digiri 232, ba ta kuma da gubar dalma, sai dai tsada, kuma ba ta kai ta nauyi ba. Masunci ba zai biya kuɗin kuza ba.

Inda za ka samo dalmar shi ne babban zaɓi. 'Yan gwangwan za su miƙo maka tsohon batirin mota da araha. Kada ka karɓa. Cikinsa ruwan asid ne da wani baƙin gari da ke tashi ƙura in ya bushe, dalmar da za ka tace daga ciki kuma ba ta kai wahalar ba. Gara tsohon bututu ko fallen dalma, su ne masu tsabta da laushi. Akwai kuma ƙananan nauyin da ake maƙala wa gefen tayar mota, waɗanda ake samu wurin masu faci, amma sai ka zauna ka tantance su. Yanzu da yawansu ƙarfe ne ko zinki. Tafi da maganaɗisu da filaya: wanda maganaɗisu ya kama jikinsa, ba maƙalinsa kaɗai ba, ƙarfe ne, wanda filaya ta ciza ta bar gurbi dalma ce, mai taurin da ke ɗauke da alamar Zn kuwa jefar da shi gefe. Zinki ɗan kaɗan in ya narke a tukunya, sai dalmar ta koma kamar kunu mai gudaji, ta ƙi cika mazubi, wato abin da ake zuba ta ciki don ta ɗauki siffa.

Wuta iri uku ce. Kurfoti da gawayi ya fi araha, yana kuma narka dalma ba tare da zuga-zugi ba, matsalarsa zafin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka ɗan fifita, ya wuce kima, saman dalmar ya yi ta yin dauɗa, hayaƙi ya ƙaru. Tukunyar lantarki ta Lee, mai cin kilo 4.5, tana da kyau a bidiyo. Sai dai wadda aka yi don Amurka wutar 110 take sha, tamu kuwa 230 ce, dole ka nemi mai 220. Ko ka samu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki dalmar ta daskare a bakin famfonta. Ni ƙaramin murhun gas nake ba mai farawa shawara, muddin ƙafafunsa na da ƙarfi, don tukunya 'yar ƙarama cike da dalma ta fi yadda ido ke zato nauyi.

Tukunyar ta zama ta baƙin ƙarfe mai kauri. Tukunyar alminiyum irin ta girki tana yin laushi da zafi, gindinta na iya ɓallewa a kan ƙafarka. Ludayi shi ma na ƙarfe, mai doguwar mariƙa. Duk abin da ya taɓa dalma ya bar kicin ke nan har abada, ka yi masa alama da fenti don kada wata rana a dafa wa yara wake a ciki.

Mazubi kuwa, na alminiyum da ake shigowa da shi yana fitar da guda da yawa a zubi ɗaya, girmansu ɗaya, masunta na son haka don birgi ya buɗe daidai. Maƙeri ko mai walda na iya yi maka na ƙarfe da rahusa, in ka kai masa samfuri. Na ƙasa ko na siminti ban yarda da shi ba ga sabon hannu, saboda yana riƙe danshi. Na taɓa ganin ɗigon zufa ya faɗa tukunya, dalma ta yi tsalle har kwanon rumfa. Don haka a ɗumama mazubi da ludayi kafin su taɓa narkakkiyar dalma, kuma tabarau da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe su shiga lissafin kuɗi tun farko.

Abin da ya fi duka tsada shi ne wurin aiki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe. Wanda ba shi da fili a waje, nesa da yara da mai ciki da inda ake girki, bai shirya zubi ba. Irin wannan ya sayi fallen dalma ya yayyanka ya naɗe a igiya ba tare da wuta ba, ko ya saro wadda aka riga aka zuba ya sayar, ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya kai goro baki.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce akwai kangon babansa a bayan gari. Na ce ya fara zuwa bakin gulbi ya tambayi masunta uku girman da suke saye, ya zo da samfuri, sannan mu je wurin maƙeri.