Firinta ɗaya, laftof uku: wacce ya kamata ka saya?

Gidan da ke da laftof biyu ko uku ba ya buƙatar firinta uku. Guda ɗaya ta isa, muddin kowa zai iya tura mata aiki daga inda yake zaune, ba sai ya ɗauki laftof ya je ya tsuguna a gabanta yana lalube bakin kebul ba. Hanyoyin yin haka suna da yawa, amma tun a wurin saye ake rabuwa tsakanin wanda zai huta da wanda zai riƙa fama kullum.

Mafi araha ita ce firinta mai kebul ɗin USB kaɗai. Sai ka jona ta da kwamfuta ɗaya, ka kunna raba firinta a saitin Windows, sauran laftof su riƙa bi ta wannan kwamfutar. Tana aiki, ban musa ba. Sai dai araha ba ta ado. Dole kwamfutar da aka jona ta kasance a kunne, ba ta yi barci ba, duk lokacin da wani zai buga. In kuwa laftof ce, mai ita ya saka ta a jaka ya fita, to kowa ya haƙura sai ya dawo. Ga kuma abin da ya faru a 2021: bayan an gano ɓarakar tsaron da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, gyare-gyaren da Microsoft ya fitar sun tsaurara wannan hanya, mutane da dama suka wayi gari da saƙon kuskure mai lamba 0x0000011b a maimakon takarda. Idan akwai Mac ko waya a gidan, aikin sai ya ƙara tsawo.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan firinta yana da mafita biyu. Wasu rauta, wato akwatin da ke raba intanet da Wi-Fi a gida, suna da ramin USB a baya, ana iya jona firintar a nan. Akwai kuma ƙaramin akwatin da ake sayarwa don wannan aiki, gefe ɗaya USB, ɗaya gefen kebul ɗin rauta. A duka biyun bugu ne kawai yakan wuce: sikan da nuna ragowar tawada galibi sai a rasa su, kuma firintoci masu arha da kwamfuta ce ke sarrafa musu shafi sukan ƙi ba da haɗin kai. Mai son ƙwaƙule-ƙwaƙule zai iya ɗora manhajar sarrafa bugu ta CUPS a kan 'yar ƙaramar kwamfutar da ake kira Raspberry Pi, ya mayar da tsohuwar firinta ta zamani. Wannan aikin sha'awa ne, ba na wanda ke sauri ba.

In sabuwa za ka saya, ni dai shawarata ɗaya ce: sayi wadda ke hawa sadarwar gida da kanta. Sunan samfurin yakan tona asiri. A wurin kamfanoni irin su Brother da HP, harafin W a ƙarshen lamba na nufin Wi-Fi, N na nufin ramin kebul ɗin sadarwa, D kuma bugu gaba da baya. Amma kar ka tsaya nan. Juya kwalin ka nemi tambarin AirPrint da na Mopria. Apple ne ya fito da AirPrint a 2010, Mopria kuwa ƙawance ne da Canon, HP, Samsung da Xerox suka kafa a 2013. Dukansu a kan ƙa'idar bugu ta IPP suke, ma'ana laftof za ta gano firintar da kanta, ta buga ba tare da ka sauke direban kamfanin ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da firintar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 2023 Microsoft ya sanar cewa zai janye sannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanoni ta Windows Update, ya koma kan wannan ƙa'ida. Idan kuma ka ga tsohon kwali yana tutiya da Google Cloud Print, tsarin Google na bugu ta intanet, kar ya burge ka, an rufe shi tun ƙarshen 2020.

Tsakanin Wi-Fi da kebul fa? Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Firintoci da yawa zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba su san 5 GHz ba, wasu tsofaffi kuma ba sa jituwa da sabon tsarin tsaron Wi-Fi na WPA3. Ka ƙara da wahalar shigar da kalmar sirri mai haruffa goma sha biyar a ɗan allon da bai kai yatsa biyu ba, kana danna kibiya harafi bayan harafi, ka kuskure ɗaya ka koma farko. Idan firintar za ta zauna kusa da rauta, nemi mai ramin Ethernet, wato na kebul ɗin sadarwa, ka soka mata kebul, shi ke nan. Laftof ɗinka tana kan Wi-Fi yadda ta saba, rautar ce ke haɗa su. Wi-Fi Direct kuma wani abu ne dabam: laftof ce ke haɗuwa da firintar kai tsaye, sau da yawa ta bar intanet ɗin gida kafin ta gama. Yana da amfani ga baƙon da ke son shafi ɗaya, amma firintar da wannan kaɗai take da shi ba ita kake nema ba.

Na taɓa kashe rabin yini a kan firintar da ke kunne, fitilarta kore shar, laftof kuwa ta dage wai ba ta nan. Ashe rautar ce ta sake kunnuwa ta ba firintar sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a sadarwar gida, laftof tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Maganin bai wuce minti biyu ba: ka shiga saitin rauta ka keɓe wa firintar adireshi ɗaya na dindindin. Saboda haka kafin ka zargi firinta, duba rautarka tana ba da damar yin haka. Duba kuma ko laftof ɗin tana kan layin Wi-Fi na baƙi, don an yi shi ne musamman ya hana na'urori ganin juna, haka ma VPN ɗin wurin aiki, wato manhajar da ke haɗa laftof da sadarwar ofis, yakan toshe hanya.

Batun tawada ko leza ba sai an ja shi ba. Gidan da ke buga shafi biyar yau, sai bayan wata guda a sake, leza ce tasa, domin hodar tona da leza ke bugu da ita ba ta bushewa, tawada kuwa takan daskare ta toshe kan bugu. Masu buga hotuna da launi kullum, su nemi mai tankin tawada da ake ɗurawa. Kuma karanta ƙananan rubutun jikin kwali: wasu samfura suna zuwa da tsarin da ke sharɗanta buɗe asusu, zama a kan intanet, da amfani da tawadar kamfanin kaɗai. Idan ba ka shirya wa wannan ba, ajiye ta ka ɗauki ta kusa da ita.