Na tattara firintocin ofis a kan CUPS, ga abin da na gani

Kafin in yi wannan aikin, kowace kwamfuta a wurinmu da direbanta, wato manhajar da ke sa ta iya magana da firinta, kowa kuma kai tsaye yake aika takardarsa zuwa firinta. Duk ranar da adireshin IP na wata firinta ya canza, sai in bi tebur-tebur ina gyarawa, wani lokaci har la'asar. Wannan wahalar ce ta sa na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta mai Linux na mayar da ita sabar, na ɗora mata CUPS, manhajar da ke sarrafa bugun takardu, na ce daga yau kowace takarda ta nan za ta fara bi.

CUPS ya daɗe a fage. Michael Sweet ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Apple ya saye shi a 2007, yanzu kuma ƙungiyar OpenPrinting ke kula da shi a ɓangaren Linux. Da yarjejeniyar IPP, wato harshen da kwamfuta da firinta ke amfani da shi a netwok, yake magana ta ƙofa mai lamba 631, kuma ta wannan ƙofar za ka buɗe shafin sarrafa shi a burauza, ka ga layukan jira da takardun da ke ciki.

Da farko na bi hanya mai sauƙi, wato cups-browsed, wata ƙaramar manhaja mai gano wa CUPS firintoci. Tun da aka cire tsohuwar hanyar lalubo firintoci daga CUPS 1.6 a 2012, shi ne ke cike giɓin. Ta manhajar Avahi yake sauraron shelar mDNS, wato sanarwar da firintoci ke yi a netwok cewa ga su nan, ya buɗe wa kowace layinta da kansa. Ranar farko abin ya burge ni ƙwarai, ban taɓa komai ba sai ga firinta uku sun bayyana. Ta huɗun ce ta ƙi fitowa, domin tana wani reshe na netwok, shelar mDNS kuwa ba ta tsallake rauta. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne layukan ba sa zama wuri ɗaya. Idan aka kashe firinta da yamma, sai layinta ya ɓace, wanda ya yi sammakon aika takarda kafin a kunna ta sai ya tarar babu inda zai jefa ta. Ga kuma sunaye masu tsawo cike da lambobi, ba wanda zai gane wace ce ta hawa na biyu. Ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yawo daga ofis zuwa ofis, wannan ɗabi'a alheri ce. A kan sabar da jama'a suka dogara da ita, ba ta yi mini ba.

Sai na kashe cups-browsed, na ba kowace firinta adireshi tsayayye, na haɗa layukan da hannu:

lpadmin -p hawa-biyu -E -v ipp://192.168.1.40/ipp/print -m everywhere

Wannan kalmar ta ƙarshe, everywhere, ita ce ta fi faranta mini rai. CUPS ne ke tambayar firintar abin da take iyawa, girman takarda, launi, bugun gaba da baya, ya tsara komai ba tare da na nemo direba ba. Daga nan na buɗe rabawa da cupsctl --share-printers, sauran kwamfutoci suka riƙa ganin suna ɗaya da ba ya canzawa. Yanzu ko an sauya firinta ɗungurungum, layi ɗaya nake gyarawa a sabar, ba wanda ma yake sanin an yi wani abu.

Akwai wani tarko da ya kamata ku sani tun da wuri. Wata safiya aka yi ta kirana cewa firinta ta mutu, alhali ga ta a kunne, fitilarta kore shar. Da na duba lpstat -t sai na ga layin a dakace, takardu goma sha wani abu sun taru a baya. Ashe netwok ne ya ɗan katse da dare, tsarin stop-printer kuma ya tsayar da layin gaba ɗaya yana jiran mutum ya zo. Na tashe shi da cupsenable, na mayar da printer-error-policy zuwa retry-job a kowane layi, wato ya riƙa sake gwada aika takardar maimakon ya tsaya. Tun daga ranar abin bai sake faruwa ba.

A watan Satumba na 2024, lokacin da aka fallasa ramukan tsaro da suka shafi cups-browsed, saboda yana karɓar saƙon UDP a ƙofa ta 631 daga ko'ina, hankalina kwance yake, domin nawa ya daɗe a kashe. Duk da haka na sabunta komai a ranar.

Inda har yanzu nake da ƙorafi shi ne fayil ɗin error_log, inda CUPS ke rubuta kurakurai. A yadda yake ba ya faɗin abin kirki, in kuma ka kunna cupsctl --debug-logging sai ya zubo maka bayani kamar ruwan sama, ka rasa bakin zaren. Sai kuma tsohuwar firintarmu da ba ta jin IPP, wadda na haɗa ta ƙofa ta 9100 da fayil ɗin PPD, wato direba irin na da. Tana aiki lafiya lau, amma duk lokacin da na taɓa layinta, lpadmin sai ya gargaɗe ni cewa direbobi za su daina aiki a wata sigar CUPS mai zuwa. Na riga na sa ta cikin jerin kayan da za a sauya.