Quarry Bank: masaƙar da ruwan kogi ke juyawa

Duk mai son ganin yadda ruwan kogi ke kaɗa zare, Quarry Bank da ke ƙauyen Styal, kudu da Manchester a Ingila, ta cancanci kuɗin tikitinta. Samuel Greg ne ya gina ta a 1784 a bakin kogin Bollin, ta yi aiki har 1959, yanzu tana hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi. Ba a kulle injinan a bayan gilashi ba, a gabanka ake tayar da su.

Shawarata a fara daga madatsar ruwa a waje, a bi magudanar har cikin ginin. Ruwan yana zuba cikin bokitan da ke jikin wani babban wilin ƙarfe, nauyin ruwan ne ke juya wilin, ba gudunsa ba. Haƙoran da ke bakin wilin suna tura ƙaramar giya, giyar ta juya sandar ƙarfe, bel-bel kuma su raba ƙarfin ga injinan kowane bene. Babban wilin da aka fara kafawa a 1818 tsayinsa ƙafa 32 ne, faɗinsa 21, ƙarfinsa wajen doki 100. Wanda ke juyawa yau ba shi ba ne, daga wata masaƙa a Yorkshire aka kawo shi.

Dogaro da kogi yana da matsala ta fuska biyu. In ruwa ya ja baya aiki ya tsaya, shi ya sa aka kawo injin tururi a 1810. In kuma kogi ya cika, ruwan da ya gama aiki ba ya samun hanyar fita, sai ya taru a gindin wilin ya riƙe shi.

A ciki ana nuna shiɓa, kaɗi da saƙa bi da bi. Zare yana tsinkewa in iska ta bushe, don haka a da ake rufe tagogi, ma'aikata su wuni cikin zafi suna shaƙar ƙurar auduga. Ƙarar masaƙu kuwa sai wanda ya ji.

Kada a tsallake gidan almajiran masaƙar, inda aka ajiye yara kusan 90 daga gidajen marasa galihu, suna aikin wajen awa 12 a rana ba albashi, har 1847. Audugar ma mafi yawanta bayi ne suka noma ta. A ware rabin wuni, a kuma tambayi lokacin tayar da injina tun a ƙofa.